Yadda Ake Sauraron Kiɗan Santur da Tabla na Indiya a Faifai

Wani ɗan'uwa ya rubuto cewa ya yi karo da wani dogon kiɗan Indiya na Shivkumar Sharma da Zakir Hussain, wanda ya kusa cika sa'a guda, babu murya babu baiti, sai wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da ake bugawa da 'yan sanduna. Sautin ya yi masa daɗi da farko, amma can sai ya rasa inda aka dosa, ya ji kamar abu ɗaya ake ta maimaitawa, har ya kashe tun kafin mai ganga ya shigo. Tambayarsa ita ce, me masu son wannan kiɗa suke ji a cikinsa, kuma ta ina mutum zai kama?

Malam, ba kunnenka ne ke da laifi ba. Mu da muka tashi da waƙoƙin finafinan Indiya mun saba da waƙa mai baiti da amshi, wadda ke bayyana kanta tun a minti na farko. Abin da ka saurara daga wani gida daban ya fito, wato kiɗan manyan malamai na arewacin Indiya da ake kira Hindustani, wanda mafi yawansa a take ake ƙirƙirarsa, a kan ƙa'idojin da makaɗi ya shafe shekaru yana koyo a gaban malaminsa. Irin wannan kiɗa ba ya zuwa neman mai sauraro, sai dai mai sauraro ya san inda zai tsaya ya jira shi, kuma wuraren tsayawar biyu ne. Akwai gida na sauti, wanda suke kira Sa, akwai kuma gida na lokaci, wanda suke kira sam. Duk abin da makaɗan nan biyu suke yi a cikin wannan sa'a, fita ce daga gidajen nan da komawa cikinsu, kuma wanda ya san gidan shi kaɗai ne zai gane an yi nisa, shi ne kuma zai ji sanyi a ransa idan aka dawo.

Abin kiɗan mai tsirkiyoyi sunansa santur. Akwati ne na katako marar zurfi, gefensa na kusa da makaɗi ya fi na nesa faɗi, an shimfiɗa masa tsirkiyoyin ƙarfe a kan 'yan jakuna da aka jera dama da hagu, ana kuma bugunsa da sanduna biyu marasa nauyi masu lanƙwasasshen kai. Tsohon santur na Kashmir yana da jakuna 25, kowane yana ɗauke da tsirkiya 4 da aka ɗaure a sauti ɗaya, 100 ke nan, shi ya sa wasu masanan Indiya ke danganta shi da abin kiɗan da tsofaffin littattafansu suka kira shatatantri vina, wato mai tsirkiya ɗari. Wasu kuma suna ganin daga Farisa ya shigo, inda har yau ake kaɗa ɗan'uwansa mai wannan suna da tsirkiya 72. A Kashmir dai aikinsa shi ne raka waƙoƙin Sufaye da ake kira Sufiana kalam, kuma har tsakiyar ƙarni na 20 ba a san shi a zauren manyan makaɗan Delhi ko Bombay ba.

Wanda ya kai shi wannan zaure shi ne mutumin da ka saurara. An haifi Shivkumar Sharma a Jammu a 1938, ya rasu a Mumbai, wato Bombay ta da, a watan Mayun 2022. Mahaifinsa, Uma Dutt Sharma, ya fara koya masa waƙa da gangar tabla yana ɗan shekara 5, sai da ya kai 13 sannan ya miƙa masa santur. Da ya bayyana a gaban jama'ar Bombay a 1955, masana da dama sun ce wannan abu ba zai iya ɗaukar kiɗan malamai ba, kuma dalilinsu ba na son zuciya ba ne, sai ka fahimce shi kafin ka san abin da za ka kasa wa kunne. Kiɗan Hindustani muryar ɗan Adam yake kwaikwayo, murya kuwa zamewa take yi daga sauti zuwa sauti, kamar yadda mai goge ke jan amo ya lanƙwasa shi ba tare da ya ɗaga izga ba. Wannan zamiya suna kiranta meend. Mai sitar, wani dogon molon Indiya, yana samunta da jan tsirkiya gefe, mai sarewa kuma da buɗe rami a hankali. Santur ba shi da wannan dama ko kaɗan. Ka bugi tsirkiya, ta ba da amo ɗaya tak wanda aka ɗaure ta a kansa, amon ya fara mutuwa nan take, kuma babu yatsan da zai lanƙwasa shi.

Shekaru ya yi yana fama da wannan rashi. Ya sauke santur daga kan ɗan abin katakon da mutanen Kashmir ke ɗora shi, ya aza shi a cinya domin jikinsa ya shanye ƙarar da ke yin yawa har sautuka su cakuɗe, ya kuma sake tsarin tsirkiyoyin ya faɗaɗa iyakar hawansa da saukarsa. Sannan ya fito da wata dabara ta hannu: maimakon ya bugi tsirkiya ya ɗaga, sai ya kwantar da kan sandar ya ja ta a hankali, tana 'yar rawa tana taɓa tsirkiyar sau da yawa cikin ƙiftawar ido, har amon ya zama kamar zare ɗaya mai tsawo, kuma a haka yake zarcewa zuwa tsirkiyar da ke maƙwabtaka da ita. Kunne yana jin kamar an zame, alhali ƙananan bugu ne aka jera. Wani lokaci kuma yakan danne tsirkiyoyi da hannu ɗaya yana bugu da ɗayan, sai sautin ya fito a bushe, gajere, kamar na garaya. A ganina duk wanda ya ce santur ƙarar ruwan marmaro ce kawai mai kwantar da hankali bai yi masa adalci ba, domin ya manta da wahalar da ke ƙarƙashin wannan taushi. Ka saurari yadda yake bambanta nauyin bugu, wannan da ƙarfi wancan kamar raɗa, da yadda yake barin amo ya mutu har ƙarshe kafin ya kawo na gaba. Da waɗannan yake cike gurbin zamiyar da abin kiɗansa ya hana shi.

Mu koma ga gida na farko. Idan ka sake kunna faifan, kafin santur ya ce komai za ka ji wani amo mai kama da kukan zuma a nesa, wanda ba ya yankewa har ƙarshe. Tanpura ke nan, wani dogon molo mai tsirkiya 4 da wani ke zaune a baya yana shafawa ɗaya bayan ɗaya, kuma sautin da ya rinjaya a cikinsa shi ne Sa. Ka kama shi da muryarka, baki rufe, ka riƙe shi a maƙogwaro, sa'an nan ka bar santur ya shigo. Za ka lura cewa kowane sauti da aka bugo yana da irin zamansa da wanda kake riƙe: wani ya zauna lafiya a kansa, wani ya yi ta ƙaiƙayi yana neman a sauke shi. Sautukan 7 ne, Sa, Re, Ga, Ma, Pa, Dha, Ni. Sa da Pa ba sa motsi, huɗu ana iya sassauto da su kaɗan, Ma kuma ana iya ɗaga shi, sun zama 12. Raga ita ce zaɓen wasu daga cikin waɗannan tare da dokar tafiya a cikinsu: ta ina ake hawa, ta ina ake sauka, a kan wane ake daɗewa, wane ake taɓawa a wuce, da kuma 'yan jimlolin da ake gane ta da su, kamar yadda ake gane mutum da tafiyarsa tun daga nesa.

Bhupali, alal misali, sautuka 5 kawai take amfani da su, Sa Re Ga Pa Dha, kuma kunnen da ya saba da waƙoƙin Sudan da yawancin namu na gargajiya, waɗanda su ma a kan sautuka biyar aka gina su, zai ji ta kamar 'yar gida. Yaman tana da bakwai ɗin duka da Ma ɗagagge, kuma idan za ta hau takan kauce wa Sa, ta faro daga Ni na ƙasa ta tsallaka zuwa Re da Ga, don haka duk sa'ad da ta sauka a Sa daga ƙarshe sai ka ji nauyin saukar. Ahir Bhairav tana da Re da Ni sassautattu, kuma Re ɗin nan da ke rataye dab da Sa yana jinkirin sauka shi ne ke ba ta kamannin asuba. Al'adarsu ta ba kowace raga lokacinta, wannan ta safe ce, Yaman da Bhupali na farkon dare, kuma ko da yake faifai ya karya dokar, na gwada na ji bambanci. Shi santur sai an ɗaure tsirkiyoyinsa daidai da ragar da za a kaɗa, shi ya sa idan aka bugi sauti ɗaya sauran sukan amsa a hankali, ragar duka ta riƙa shawagi a bayan kowane bugu.

Ɓangaren da ka gaji da shi ka kashe sunansa alap, kuma a wurin masana shi ne ma'aunin makaɗi. Babu ganga, babu bugun da za ka bi da ƙafa. Makaɗin yana fito da ragar sauti bayan sauti: ya fara a kewayen Sa, ya gangara ƙasa, ya dawo, sannan ya ƙara sauti ɗaya a sama, ya zagaya shi ta kowace fuska, ya nuna dangantakarsa da waɗanda suka gabata, ya koma Sa ya rufe da wata 'yar jimla da za ka riƙa ji tana dawowa. Abin da ka ɗauka maimaici ne, hawa ne a hankali, kuma tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce, ina ne ƙarshen inda aka hau zuwa yanzu? Idan ka bi wannan, za ka tarar ana ta ja maka rai da Sa na sama, a matso kusa da shi a janye, a sake matsowa a janye, har lokacin da za a buge shi a tsaya a kansa, kuma wannan isowa tana cikin manyan lokutan kiɗan baki ɗaya. Daga nan sai bugu mai tsari ya shigo ba tare da ganga ba, kamar takon doki, shi ne jor, idan kuma ya yi sauri sosai an shiga jhala. Duk wannan yana iya cin minti 20 ko 30, mai tabla yana zaune yana saurare kamar kowa.

Tabla ganguna biyu ne da ake kaɗawa a zaune, da yatsu da tafin hannu. Ta dama, wadda ake kira dayan, ƙarama ce ta katako, ana ɗaure ta daidai da Sa na mai santur da wata 'yar guduma. Idan ka ji ƙwanƙwasa a tsakiyar kiɗa, mai tabla ne ke gyara ɗauri ba tare da ya saki bugu ba. Ta hagu, wadda ake kira bayan, mai faɗi ce kamar tukunya, yawanci ta ƙarfe, ita ke ba da murya mai kauri. Kowace tana da baƙin tabo a fatarta da ake yi da garin ƙarfe da ƙullun shinkafa ko alkama, shi ne ke sa ganga ta yi amo mai tsabta kamar ƙararrawa. Wanda ya san kalangu zai gane wani abu nan da nan: kamar yadda mai kalangu ke matse igiyoyi a hammata ya ɗaga murya ko ya sauke ta, haka mai tabla ke danna fatar gangar hagu da gindin tafinsa yana turawa gaba da baya, sai ta yi gunji mai hawa da sauka. Zamiyar da santur ya rasa, ga ta a hannun hagun abokinsa, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa haɗin ya dace. Sai dai tabla ba ta faɗin take ko kirari da kalmomin harshe. Kowane bugu yana da sunansa, dha, dhin, na, tin, ge, tirakita, ana haddace su da baki kafin a kai hannu, amma ba su da wata ma'ana sai ta sautinsu.

Yanzu ga gida na biyu. Lokaci a wannan kiɗa zagaye yake yi, kuma kowane irin zagaye ana kiransa tal. Wanda ya fi yawa shi ne tintal mai bugu 16 da aka kasa huɗu-huɗu, kuma mai tabla yana riƙe shi da wani tsayayyen tsari da ake kira theka: dha dhin dhin dha, dha dhin dhin dha, dha tin tin ta, ta dhin dhin dha. Bugu na farko shi ne sam. Ka lura da kashi na uku, inda dhin ya koma tin: daga bugu na 10 zuwa na 13 kaurin gangar hagu yana ɗaukewa, ta dama kaɗai ke magana. Wannan kashi, wanda ya fara daga bugu na 9, sunansa khali, wato wofi, kuma shi ne fitilar mai sauraro. Da zarar kaurin ya ɓace, ka san an wuce rabin zagaye. Idan ya dawo a na 14, bugu uku ne sai sam. Indiyawa da hannu suke ƙirgawa, tafi a bugu na 1 da na 5 da na 13, a na 9 kuma a juya tafin hannu sama, kuma babu abin da ya taimake ni a farkon sauraro kamar wannan. Za ka ɓata sau da yawa, musamman da yake ƙwararren mai tabla yakan yi wa theka ado har ka kasa gane ta, amma khali ba ya ɓuya, da shi za ka sake samun hanya.

Sa'ad da tabla za ta shigo, mai santur yakan kawo wata gajeriyar waƙa tsararriya da ta cika zagaye ɗaya ko biyu, ana kiranta gat, kuma ita ce amshin da kake nema. Tana da kai, mukhda, 'yar jimlar da ke gangarowa ta faɗa a kan sam. Ka haddace ta, domin duk yawon da mai santur zai yi, da ita zai dawo. Daga nan aikin karɓa-karɓa ne: mai santur ya fita yana ƙirƙira, mai tabla ya tsare masa theka, idan ya dawo sai ya tsaya yana maimaita gat, mai tabla kuma ya sami nasa filin ya zuba abin da ya gada daga malamansa, shi ma ya dawo sam. Hanyar dawowa da suka fi so ita ce tihai, jimla ɗaya da ake maimaitawa sau uku cif, a auna ta yadda bugunta na ƙarshe a karo na uku zai faɗa daidai kan sam. Lissafi ne na gaske. Ɗauki jimla mai bugu 5 a tintal, a fara ta a kan sam: ta ci 1 zuwa 5, a huta a 6, ta ci 7 zuwa 11, a huta a 12, ta ci 13 zuwa 16, bugunta na biyar ya sauka a 1 na sabon zagaye. Wannan mai sauƙi ce, akwai wadda kowane kashi nata shi ma tihai ne, ta zama sau tara, ta ratsa zagaye da yawa. Idan ka ji jimla ta dawo karo na biyu, ka shirya, ta uku tana tafe kuma ƙarshenta gida ne. Ranar da ka hango saukar kafin ta zo, kanka ya sunkuya tare da na makaɗan a kan sam, ranar ka shiga cikin masu sauraron wannan kiɗa.

A nan ne amfanin tablar da Sharma ya fara koyo yake bayyana. Da yake ya san lissafin tal kamar mai ganga, sai wasa da lokaci ya zama babban ƙarfinsa: ya jera sautuka uku-uku ko biyar-biyar ko bakwai-bakwai a kan bugun da ke tafiya huɗu-huɗu, har ka rantse ya ɓata, sai ga shi a sam. Yakan kuma kaɗa gat a jhaptal mai bugu 10, ko a rupak mai bugu 7 da aka kasa 3 da 2 da 2, wanda sam ɗinsa shi ne khali, wato babu kaurin gangar hagu ake sauka gida. Don haka ka duba sunan tal a jikin faifanka, kada ka yi ta ƙirga 16 a kan abin da 7 ne. Zakir Hussain kuwa, wanda aka haifa a 1951 ya rasu a San Francisco ta Amurka a watan Disambar 2024, ɗan Alla Rakha ne, mai tablar da ya daɗe yana raka shahararren mai sitar Ravi Shankar, kuma gidansu na kiɗa shi ne na Punjab. Ana kiran Sharma Pandit, ana kiran Hussain Ustad, kalmar da ke da tushe ɗaya da Ustaz da muka sani. Bahindu da Musulmi ke nan, da tazarar shekara 13 a tsakaninsu, suka shafe shekaru masu yawa suna zama a shimfiɗa ɗaya.

Jama'a sun fi yin tafi a ƙarshe, lokacin da gat mai sauri ta kai ga sawal-jawab, wato tambaya da amsa, inda mai santur ke jefa jimla mai tabla ya mayar masa da ita a fata, jimlolin suna ta gajarcewa har su haɗe su ruga tare zuwa tihai ta ƙarshe. Yana da daɗi ƙwarai, ban musa ba. Amma idan kana son sanin girman mai tabla, ka saurare shi a gat mai jinkiri, sa'ad da ba shi ke da fili ba: yadda yake rage ƙarfin hannu idan santur ya koma raɗa, yadda yake barin wuri ga amon da ke mutuwa, yadda yake gane tihai tun a karonta na farko ya bi ta su sauka tare. Santur abu ne mai siririyar murya da ganga za ta iya binnewa cikin sauƙi, don haka kamun kai yake buƙata daga abokin tafiya, kuma a wurina minti goma na wannan ya fi gudun ƙarshe daraja.

Tun da ta faifai kake sauraro, naɗin kansa yana da nasa tasiri. Babban faifan garmaho yana ɗaukar kusan minti 20 zuwa 25 a kowace fuska, shi ya sa yawancin naɗin shekarun 1960 da 1970 raga ce da aka taƙaita, alap na 'yan mintuna sai gat, kuma sun fi sauƙi ga mai farawa. Faifan CD da ya haura minti 70 shi ya ba da damar jin raga ɗaya cikakkiya ba yankewa. Naɗin situdiyo ya fi tsabtar sauti, amma na fi son na gaban jama'a, domin masu sauraron da ke wurin malamai ne a gare ka: inda ka ji sun ce wah, ko kya bat hai, wato madalla, ka koma baya kaɗan ka nemi abin da suka ji, sau da yawa za ka tarar wata sauka ce a sam ko wani sauti da aka daɗe ana ɓoyewa. Kada ka saurara ta lasifikar waya, domin ba ta fitar da kaurin gangar hagu, idan kuwa babu kaurin to babu khali, ka rasa fitilarka ke nan. A manhajojin sauraro sukan yanka raga ɗaya gida biyu ko uku, to ka tabbata a jere kake jin su. Ka kuma yi hattara da tarin abin da ake sakawa a intanet da sunan santur na hutawa ko na barci; alamar na gaske ita ce a rubuta sunan makaɗi da na mai tabla da na raga.

Idan sa'a guda ta yi maka tsawo a yanzu, akwai matakala. Faifan Call of the Valley na 1967, wanda Sharma ya yi da mai sarewa Hariprasad Chaurasia da mai jita Brij Bhushan Kabra, yana bin yinin wani makiyayi na Kashmir da gajerun ragogi, ya fara da Ahir Bhairav. Wataƙila ma ka daɗe da sanin hannun mutumin, domin shi da Chaurasia ne, da sunan Shiv-Hari, suka tsara waƙoƙin finafinan Silsila na 1981 da Chandni na 1989 da Darr na 1993. Bayan ka saba da shi ka nemi Bhajan Sopori, ɗan gidan Sufiana na Kashmir wanda shi ma ya rasu a 2022, da Tarun Bhattacharya, almajirin Ravi Shankar. Jin raga ɗaya a hannun mutum biyu yana koyarwa fiye da dogon bayani, domin abin da bai canja ba a tsakaninsu shi ne ragar.

Faifan da ka kashe kuwa, ga yadda zan so ka koma masa. A zama na farko ka tsallake alap gaba ɗaya, ka je inda tabla ta shigo, ka nemi khali da sam da hannunka, ka haddace kan gat har ka iya rera shi. A zama na biyu, wata rana daban, ka faro daga farko da Sa a maƙogwaronka, za ka tarar sautukan da ka haddace a gat su ne ake fito maka da su ɗaya-ɗaya a alap, sai dai yanzu ka san fuskokinsu. Idan naɗin na gaban jama'a ne, mai yiwuwa bayan babbar ragar akwai wani ɗan gajeren kiɗa mai sauƙi da ake kira dhun, sau da yawa a ragar Pahadi, wadda aka samo daga waƙoƙin mutanen duwatsun Jammu da Kashmir, a kan zagaye mai bugu 6 ko 8. A nan dokar raga takan sassauta, Sharma yakan koma ga waƙoƙin ƙasar da ya tashi, mai tabla ya sauya hannu zuwa kiɗan ƙauye, kuma wannan ba ya buƙatar ka ƙirga komai.